Giwar Firmin a Ƙofar Rocabrel

Shekara talatin da huɗu Firmin ya yi yana raba wasiƙu a Rocabrel, cikin wata 'yar mota rawaya wadda in ya shiga sai gwiwoyinsa su riƙa gaisawa da haɓarsa. Ranar da ya yi ritaya ya miƙe tsaye a shagon kofi, ya rantse a gaban jama'a cewa shi da zaman takura sun yi hannun riga har abada. Ba wanda ya ɗago kai. An san Firmin. Mutum ne da in ya kama kifi kamar ɗan yatsa, kafin ya iso gida kifin ya kai cinya, kafin Lahadi kuma sai da mutum biyu aka fito da shi daga ruwa.

Matarsa Solange ba ta nemi abin duniya ba. Ita dai su sami mota mai ɗaki, irin wadda ake kwana a ciki a dafa abinci a ciki, su riƙa zuwa bakin teku tun ƙafafunsu suna ɗaukar su.

"'Yar madaidaiciya," in ji ta. "Kamar ta Gaspard."

Nan ta ɓata lamarin. Gaspard maƙwabcinsu ne, tsohon magini, siriri kamar sandar rake, wanda yakan yini bai yi jimla goma ba. Bai taɓa yi wa Firmin komai ba, illa dai duk abin da ya faɗa sai ya tabbata, kuma wannan ne laifin da Firmin ya kasa yafe masa. Motar Gaspard ƙarama ce, rufinta ake ɗagawa in za a kwanta, a sauke in gari ya waye.

"Kamar ta Gaspard?" Firmin ya ce. "Ni? Akwatin gawa mai taya? Bari ki gani."

Ranar Talata suka je birni wurin mai sayar da irin waɗannan motoci. Mutumin kirki ne, ya san aikinsa.

"Ku nawa za ku riƙa tafiya?"

"Mu biyu," in ji Solange.

"Ina kuka fi son zuwa?"

"Ƙananan garuruwan bakin teku. Da ƙauyukan kan dutse."

"To ga taku nan. Mita shida, gado ɗaya, murhu, ɗan banɗaki. Duk inda motar mai burodi ta shiga, ita ma za ta shiga."

Ya waiga don ya ji ta bakin maigida, sai ya ga wayam. Firmin yana can ƙarshen fili, ya ɗaga kai yana kallon wata fara ƙatuwa, baki buɗe kamar mai jiran a ɗiga masa magani.

"Yallaɓai, wannan ba taku ba ce," mai sayarwa ya ce da ya iso yana haki. "Mita tara da rabi ce. Ta mutum shida ce, masu bin manyan tituna. Sai da lasisin babbar mota ma ake tuƙa ta."

"Ina da shi tun ina soja."

"Madalla. Yaushe rabonka da tuƙa babbar mota?"

"A kicin ya yi sojansa," in ji Solange. "Dankali yake ferayewa."

Firmin ya yi kunnen uwar shegu. Ya riga ya hau, yana buɗe wannan yana rufe wancan. Firiji mai ƙofa biyu, tanda, talabijin biyu, wurin wanka, ga wani ƙaton gado a baya wanda in ka taɓa shi da ɗan yatsa sai ya ɗaga sama da kansa. Ya ɗaga shi ya sauke ya fi sau goma, bai ko duba abin da ke ƙarƙashinsa ba.

"Talabijin biyu na mene ne, Firmin? Mu biyu ne, kuma ni ba na kallo."

"In ɗaya ta gaji."

Ya sa mata suna Gimbiya tun kafin su fita daga filin. Mutanen layinsu kuwa da suka ga abin da ya kunno kai da yamma, kafin ya tsaya sun raɗa mata Giwa, kuma sunan da ya bi ta ke nan.

Shigar da ita gida aka fara. Firmin ya ce kowa ya matsa, ba ya bukatar mai nuna masa hanya. Ya yi baya, ya kwashe rabin shingen Gaspard. Ya yi gaba, ya tsaga itacen ɓauren da Solange ta dasa shekarar da ta haifi 'yarsu Coralie. Ya sake yin baya, ya murƙushe akwatin wasiƙun gidansa, shi da ya yi shekara talatin da huɗu yana yi wa mutane faɗa a kan kula da nasu. Daga ƙarshe ya kashe mota a tsakiyar layi, ya sauko yana karkaɗe hannu.

"Da ma a waje nake son ta kwana. Mutane su gani."

Mutane sun gani. Washegari motar mai burodi ta kasa wucewa, motar shara ma ta juya. Wata tsohuwa da gidanta ke kallon nasu ta ce tun da aka ajiye abin nan rana ba ta ƙara shiga kicin ɗinta ba. Gaspard ya fito da guduma yana gyara shingensa.

"Kada ka damu, maƙwabci," Firmin ya ce masa ta kan shinge. "In ka gaji da kwana a naɗe kamar tabarma, ka zo in ba ka aron ɗaki ɗaya. Ba kai kaɗai ba, duk garin nan sai sun shiga motar nan sun gani da idonsu. Ka rubuta ka ajiye."

"Na ajiye," in ji Gaspard.

Asabar ta gaba aka nufi teku. Solange ta soya kaza, ta ɗauko hular rana da rigar ninƙaya da ta saya tun bara. Sun isa kafin azahar, amma duk filin ajiye motocin da suka dosa sai su tarar an gicciye ƙarfe a sama, mita biyu daga ƙasa. Giwa kuwa ta haura mita uku. Garin farko haka, na biyu haka. A na uku Firmin ya kutsa wani lungu, ya fito da igiyar shanya da wanduna uku na wani bawan Allah a rataye a madubinsa. Sau ɗaya Solange ta hango teku, ta tsakanin gidaje biyu, kuma a ɗan wannan tsakanin ta hango har da motar Gaspard a bakin ruwa, shi kuma yana zaune a kujera, ƙafa cikin yashi. Ya ɗaga musu hannu.

A filin manyan motoci suka ci kazar, bayan wata masana'antar siminti.

"Kin ji iskar teku kuwa?" in ji Firmin.

"Na ji. Da ƙura a cikinta."

Da wani ne ya dawo daga wannan tafiya, da ya yi laushi. Firmin kuwa ya shiga shagon kofi ya ce bakin tekun ne ya yi wa motarsa kaɗan, kuma mutanen can ba su waye ba. Sannan ya sanar da babban shirinsa. Saura mako biyu auren Coralie, kuma Gimbiya ce za ta ja jerin gwanon motocin biki daga ƙasa har ƙofar ofishin magajin gari a saman dutse.

Coralie ita kaɗai ce 'yarsu, kuma ita kaɗai ce a duniya take sauraron labaran ubanta har ƙarshe ba ta yi hamma ba. Angonta Bastien ma'aikacin jirgin ruwa ne, ranar Litinin bayan biki zai koma teku na wata huɗu. Magajin gari, wanda shi ke ɗaura aure a garin, ya ba su ƙarfe uku na ranar Asabar, ya kuma gaya musu tun wuri cewa uku da rabi zai cire ɗamararsa ta aiki, domin ranar ce wasan ƙarshe na jifan ƙwallon ƙarfe, kuma shi ne mai jifan ƙarshe na ƙungiyar gari. Kowa ya san magajin gari zai iya ɗage zaman majalisa, amma ba ya ɗage wannan.

Da Coralie ta ji shirin sai ta zo gida ta zaunar da ubanta.

"Baba, ni ba zan shiga motar nan ba. Kawun Bastien zai ɗauke ni a tasa."

"Ke kika sani. Za ki bi bayan ubanki ke nan."

"Baba, ka saurare ni. Ban roƙe ka komai ba a bikin nan. Abu ɗaya nake so. Ƙarfe uku ka riƙe hannuna, ka hau matakalar ofishin nan da ni, ka shigar da ni. Shi ke nan."

Firmin, duk cika bakinsa, yana son yarinyar nan kamar ransa. Ya dafa ƙirji.

"In ban riƙe hannunki ranar nan ba, ki canza mini suna. Kek ɗin ma ni zan ɗauko. Wace mota ce a garin nan za ta ɗauki kek mai tsawon mutum a tsaye?"

Tsohon garin Rocabrel ƙofa ɗaya gare shi, tun da dutse ya zubo ya rufe matakalar awaki ta baya. Ƙofar dutse ce a jikin ganuwa mai kaurin mita huɗu, samanta a lanƙwashe. Ranar Alhamis Firmin ya hau da tef ɗin ɗinkin Solange, don kada a ce bai yi lissafi ba. Ya auna faɗinta a ƙasa, ya ga ta fi motarsa da taƙi guda. Ya ari tsani ya auna tsayinta a tsakiya, ya ga nan ma da saura. Ya sauko yana fito.

Gaspard na zaune a kan dakali yana ɓare gyaɗa.

"Ka auna kafaɗunta?"

"Ƙofa tana da kafaɗa?"

"Samanta zagaye ne kamar bakin tanda. Motarka kuwa akwati ce, kusurwa huɗu. Tsakiya za ta wuce. Kusurwoyin sama ne ba za su wuce ba."

"Sau dubu goma na shige ƙofar nan, Gaspard! Ido rufe zan shige ta!"

"A cikin gwangwanin kifi ka shige ta."

"Hassada ce ke cin ka. An ba ka motar tsintsiya, ni an ba ni gaba."

Gaskiya ne, Gaspard aka ba motar ƙarshe, wadda ake ɗaura wa tsintsiya da tsofaffin tukwane a baya don ta share hanya bayan 'yan biki. Ya ɗaga kafaɗa, ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa.

Asabar ta zo da rana mai zafi. Motoci ashirin da biyu suka jeru, kowace da farin ƙyalle a hannun ƙofa. Ango da iyayensa sun riga sun hau tun da rana, suna jira tare da magajin gari. Amarya, da uwarta, da shaidun aure biyu, da sauran jama'a suna ƙasa. An shigar da kek cikin Giwa da ƙyar, hasumiya ce ta ƙananan ƙwallayen fulawa ɗari biyu da aka manne da narkakken sukari, aka tsayar da ita a kan tebur. Firmin ya sa kwat ɗin da ya yi aure da shi, wanda maɓallinsa na tsakiya yake roƙon a yi masa afuwa.

Ƙarfe uku saura kwata aka tashi, kowa ya danne oda. Firmin yana gaba, yana ɗaga wa mutane hannu ta taga kamar wanda ya ci zaɓe. Da ya doshi ƙofar gari ko rage gudu bai yi ba, don a san cewa ido rufe yake shige ta.

Hancin Giwa ya shiga lafiya. Sai aka ji ƙiiii daga sama, hagu da dama, irin ƙarar da ke sa haƙori tsami. Mai hankali a nan zai taka birki. Firmin ya ce a ransa ɗan gogawa ne, ya taka totur. Giwa ta yi nishi, ta kutsa, ta ƙara kutsawa, rumfar da ke naɗe a gefenta ta tumɓuke, akwatin sanyaya ɗaki da ke kan rufi ya daki dutse, gum! Daga nan ko motsi. A bayansa ya ji wani abu ya rushe, sai ga ƙwallayen kek suna gangarowa har ƙarƙashin ƙafarsa.

Kan Giwa na cikin gari, gindinta na waje, cikinta ya cika ƙofa tam, ko kyanwa ba za ta ratsa ta gefe ba. Motocin baya ba su san abin da ya faru ba, suna ta danna odar murna.

Firmin ya buɗe ƙofar direba ya sauko cikin gari, ya tarar da magajin gari ya iso da ɗamararsa mai launi uku, ango na biye da shi, sai mutanen shagon kofi da kofunansu a hannu.

"Firmin, me nake gani haka?"

"Ranka ya daɗe, ƙofar ce ta motsa. Ran Alhamis na auna ta."

"Shekara ɗari bakwai tana nan, sai yau ta motsa?"

"Zafi ne. Dutse yana kumbura da zafi."

"Kanka ne ya kumbura!" wata murya ta faɗa daga bayan ganuwa. Solange ce. Ba a ganin ta, amma har bakin rijiyar dandali an ji ta.

Aka gwada baya, taya ta yi ta juyawa tana hayaƙi. Matasa goma suka tura daga ciki, goma suka tura daga waje, sai da aka jima kafin a gane cewa juna suke turawa. Aka sace iskar tayoyi, Giwa ta ɗan durƙusa amma kafaɗunta na nan a cije. Aka buga wa mai janwe waya, ya ce yana wani gari, sai ƙarfe shida. Magajin gari ya duba agogo.

"Uku da minti takwas. Bastien, ɗana, ina tausaya maka. Amma ba na ɗaura aure ba amarya, ba na kuma ɗaura shi ta kan ganuwa. Asabar ta gaba da nake da sarari sai wata mai zuwa."

"Ran Litinin zan tafi, ranka ya daɗe!"

"Gaya wa surukinka."

Ana cikin haka sai aka ji ƙwanƙwasa daga can cikin motar, daga ƙarƙashin gado. Firmin ya hau da gudu yana taka kek. Ya taɓa gadon da ɗan yatsa, gado ya ƙi tashi, domin girgizar ta karya ƙarafan da ke ɗaga shi. Ya matsa cikin ɗan lungun da ke tsakanin gado da kabad, ya sa kafaɗa ya ɗaga da ƙarfin tsiya. Sai ga kan Gaspard ya ɓullo daga wani rami.

"Kai! Ta ina ka shigo mini mota?"

"Ta ma'ajiyar kayanka ta baya. Ƙofarta tana waje da ganuwa. Akwai murfi a nan da ke haɗa ta da ɗaki. Ba ka sani ba?"

"Na sani mana! Gwada ka nake yi."

"To riƙe da kyau. Ga su nan zuwa."

Haka aka fara. Mutum ya sunkuya ya shiga ma'ajiya, ya rarrafa tsakanin kujerun shan iska da buhun gawayi, ya ɓullo ta ƙarƙashin gado, ya wuce banɗaki, ya bi ta kan kek, ya fita ta ƙofar direba. Shaidu biyu suka wuce. Solange ta wuce, ta tsaya daidai fuskar mijinta ta dube shi, ta tafi. Sai amarya. Ta fito a hankali tana tattare farar rigarta, wadda yanzu gawayi ya yi wa zane a gwiwa, sukari kuma ya kama gefenta. Ba ta yi kuka ba. Ta miƙe ta gyara lulluɓinta, ta miƙo hannu.

"Ba komai, Baba. Sauke gadon ka zo. Uku da minti ashirin, za mu samu."

Firmin ya fara sauke gado ke nan sai ya ji an daka masa tsawa daga ƙasa.

"Kai! Kashe ni za ka yi?"

Kaka Léonie ce, uwar Solange, mai shekara tamanin da tara da jiki kamar randa. An ce ta jira a buɗe hanya, ta ce ba a haifi wanda zai aurar da jikarta tana bayan ganuwa ba. Tun ranar da Firmin ya zo neman 'yarta ta ce yaron nan bakinsa ya fi shi girma, kuma shekara arba'in ba ta ga dalilin canza magana ba. Kanta ya fito, da hula da furanninta. Kafaɗu suka fito. Da aka zo ƙugu sai tafiya ta tsaya.

"Mama, ki koma baya!"

"Ba na komawa."

"To ki fito!"

"Da ina iya fita, fuskarka zan zauna ina kallo?"

Shaidu suka dawo suka ja ta ta hannu, ta yi ihu. Aka tura ta daga baya, ta yi shuri. Ta cika ramin kamar yadda Giwa ta cika ƙofa, ta kuma tare ɗan lungun da Firmin yake, ba mai iya isa wurinsa ya karɓe shi. In ya saki gado, a bayan tsohuwa zai sauka. Gumi ya jiƙa kwat ɗinsa, maɓallin tsakiya ya yi tsalle ya bar duniya.

Daga bakin mota magajin gari ya ɗaga murya. "Saura minti shida!"

Coralie na tsaye a bakin ƙofar direba, ta juyo tana kallon ubanta daga wannan ƙarshen motar zuwa wancan. Mita tara da rabi. Bai taɓa ganin tsawon motar nan sosai ba sai a lokacin.

"Baba?"

"Je ki, 'yata. Ina zuwa. Yanzun nan."

Ba ta tafi ba. Ta tsaya minti ɗaya cur, har Bastien ya fara murza hannu. Sai Solange ta ce, a hankali, ba da faɗa ba, "Gaspard, ba ta hannunka."

Gaspard ya dubi Firmin tukuna. Firmin ya dubi gadon da ke kafaɗarsa, ya dubi 'yarsa. Ya gyaɗa kai kawai. Ta gilashin gaba ya ga farar riga mai zanen gawayi tana hawa titi, a gefenta wani siririn mutum yana tafiya a hankali don kada ya taka mata gefe, har suka sha kwana.

Motar ta yi tsit, ba ka jin komai sai taunar Kaka Léonie, wadda ta miƙa hannu ta tsinci ƙwallon kek a ƙasa.

"Kek ɗin dai ya yi daɗi," in ji ta. "Ɗaga sosai, surukina, kana taɓa mini hula. Ba kai ka ce motarka da faɗi ba?"

Jim kaɗan aka ji tafi daga dandali. Wani ya hau ganuwa ya yi wa na waje ihu cewa an ɗaura, motoci ashirin da ɗaya suka danne oda gaba ɗaya. Firmin yana sunkuye da gado a wuya, hawaye na bin gumi, ba shi da ko hannun sharewa. Baƙin ciki ya ishe shi, kuma ya san ba ƙofa ce ta motsa ba.

Da man zaitun aka fitar da Kaka Léonie, kwalba guda. Gaspard ne ya dawo da shi. Da aka zare ta, ya leƙa ramin ya ce a miƙo masa tsintsiyar da ke ɗaure a bayan motarsa. Ya kafa sandarta a ƙarƙashin gadon, ya girgiza ya ga ta zauna daram.

"Fito, maƙwabci. Wannan za ta riƙe."

Firmin ya fito a tanƙware, ya tsaya yana kallon tsintsiyar da ke yin aikin da ya hana shi aurar da 'yarsa.

Sauran 'yan biki saba'in da wani abu duk ta nan suka bi zuwa wurin walima, da makaɗa, da mai hoto, da tukwanen abinci. Bayansu mutanen cikin gari da ke da uzuri a ƙasa suka bi ta ɗaya hannun, har da limamin coci da wata mata mai akuya. Kowa ya wuce sai ya leƙa banɗaki, ya taɓa firiji, ya ƙirga talabijin. Mai janwe bai iso ba sai da rana ta yi sanyi, kuma a gutsure ya fitar da ita.

Yanzu Firmin da Solange suna da 'yar mota mai mita biyar da rabi, kuma Solange ce ke tuƙi. A shagon kofi Firmin yakan ce shi dai ya cika alkawari, ya ce duk garin sai sun shiga motarsa, kuma wa bai shiga ba? A kan bar shi ya faɗa.

Amma a falonsu akwai hoton biki a jikin bango. Ga Coralie a kan matakala tana murmushi, ga Bastien, ga Solange, ga magajin gari yana satar kallon agogo, ga Gaspard a tsaye a wurin uban amarya kamar wanda aka ba ajiyar da ba tasa ba. Can ƙurya ta hagu, a ƙarshen titi, in ka matso sosai, za ka ga wani ɗan farin abu ya leƙo daga ƙofar gari. In baƙo ya tsaya yana duba hoton ya tambayi ina uban amarya, Firmin yakan taso ya ɗora ɗan yatsa a kan farin abin nan.

"Ga ni nan," yakan ce. Daga nan ba ya ƙara komai.